Manyan birus: daga ina suka samo gadonsu?

Darasinmu na yau a kan birus yake. Wannan suna ba baƙo ba ne a kunnenmu. Birus ne ke kawo ƙyanda, da shan inna, da haukan kare, da sida. Birus ne ya kawo kuturtar gujiya wadda ta cinye gonaki masu yawa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar a shekarar 1975. Shekara da shekaru ana koyar da cewa birus shi ne ƙarami a cikin dukan ƙwayoyin cuta, kuma ba ya ɗauke da komai sai ɗan guzuri kaɗan. To, a shekarar 2003 masana sun gano wani birus wanda ya fi wasu bakteri girma, ya kuma fi su yawan kayan gado. Bayansa an gano wasu da dama. Su ne ake kira manyan birus.

Tambayar da za mu bi ita ce: daga ina waɗannan manya suka samo wannan gado mai yawa? Gadon wani babban kaka ne da suka riƙe, ko tarin abin da suka tsinta ne a hanya? Kafin mu kai ga amsa, sai mun san abu uku: rariya, da littafi, da masaƙa.

Rariyar masana

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteri, kamar masu kawo tarin fuka, da kwalara, da sanƙarau irin na lokacin zafi. Akwai kuma birus. Ana ganin bakteri da madubin likita, wato mikroskof. Galibin birus kuwa ba su ganuwa da shi.

A shekarar 1884, wani abokin aikin Fastor a Faransa, mai suna Chamberland, ya ƙera matata ta tangaram. Ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, bakteri ba ya iya wucewa. A 1892 wani masani ɗan Rasha, Ibanobski, ya matse ruwan ganyen taba mai ciwo, ya tace shi da irin wannan matata, ya shafa wa lafiyayyen ganye. Sai ganyen ya kamu. Ke nan akwai wani abu mai kawo cuta wanda ya fi bakteri ƙanƙanta. A 1898 wani ɗan Holan, Bayarink, ya maimaita aikin, ya kira abin da sunan birus. Ba a ga siffar birus ba sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan an ƙera madubi mai aiki da lantarki wanda ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Daga nan masana suka ɗauki wata al'ada. Mai neman birus sai ya tace ruwa, ya zubar da abin da ya tsaya a matata, ya bincika abin da ya wuce. Kamar mai tankaɗe ce da ke neman gari, ba ta duban tsaki. Manyan birus kuwa a cikin tsakin suke tsayawa. Dalilin da ya sa aka yi fiye da shekara 100 ba a lura da su ba ke nan.

Littafin gado

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, an gina shi da ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa. Za mu kira kowane ɗaya ɗakin halitta. Bakteri ɗakin halitta ɗaya ne tak. A cikin kowane ɗaki akwai wani dogon zare siriri da ake kira ADN. A kan zaren nan aka jera bayanin yadda za a gina jiki da yadda zai yi aiki. Shi ne ɗa ke gada daga iyaye. Shi ya sa irin hatsi mai saurin nuna ke ba da hatsi mai saurin nuna. Za mu kira wannan zare littafin gado.

Haruffa 4 kawai ake rubuta littafin da su. Masana sun ba su alamun A, T, G, C. Wasu birus suna amfani da wani zare ɗan uwan ADN, mai suna ARN, amma shi ma haruffansa 4 ne. Idan haruffa ɗaruruwa ko dubbai suka jeru, suna ba da umarni ɗaya, misali yadda za a ƙera wani abu guda da jiki ke bukata. Masana na kiran irin wannan umarni jen.

Ga tsawon wasu littattafan gado:

Birus na shan inna: haruffa kamar dubu 7 da ɗari 5.
Birus na sida: haruffa kusan dubu 10, umarni 9.
Birus na ƙyanda: haruffa kusan dubu 16, umarni 6.
Birus na agana: haruffa kamar dubu 186, umarni kusan 200.
Bakterin ciwon huhu na shanu: haruffa kamar miliyon 1 da dubu 200.
Ɗan Adam: haruffa kamar miliyar 3, umarni wajen dubu 20.

Da mutum zai karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, littafin shan inna zai ɗauke shi awa 2 da ƴan mintoci. Na ɗan Adam kuwa sai ya shekara 95 yana karatu dare da rana.

Masaƙa

Abin da umarnin littafi ke sa a ƙera ana kiransa furotin. Furotin ne ke yin kusan dukan ayyukan jiki. Ana haɗa shi da ƙananan abubuwa iri 20, kamar yadda ake saƙa zane da zare launi 20. A cikin kowane ɗakin halitta akwai ƙananan injuna masu wannan saƙa. Masana na ce musu ribozom, mu kuma za mu ce masaƙa. Akwai kuma ma'aikata 20, kowane da launin zarensa, su ne ke ɗaura zaren a kan abin da zai kai shi masaƙa. Za mu kira su yaran masaƙa.

Mutum yana da masaƙa. Saniya tana da ita, hatsi yana da ita, bakteri ma yana da tasa. Birus ba shi da ita. Birus littafi ne kawai a cikin kwanso. Idan yana waje, ba ya ci, ba ya girma, ba ya haihuwa. Sai ya shiga ɗakin wani, ya miƙa littafinsa ga masaƙar mai gida, ita kuma ta shiga saƙa sababbin birus har ɗakin ya lalace. Mu riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran darasin ya tsaya.

Yadda aka gano na farko

A shekarar 1992 an yi fama da ciwon huhu a garin Biradfod na ƙasar Ingila. Wani masani mai suna Timothy Rowbotham ya ɗebo ruwa daga wani babban tankin sanyaya ruwa, yana neman ƙwayar da ta jawo ciwon. A cikin ruwan akwai amiba. Amiba ƙaramar halitta ce mai ɗaki ɗaya, tana zaune cikin ruwa da danshin ƙasa, abincinta bakteri. A cikin amibar ya ga wasu ƙwayoyi masu kama da bakteri. Tun da madubin likita ya nuna su, ba wanda ya yi zaton birus ne. Aka rubuta su a sahun bakteri.

Daga baya aka kai su birnin Marsai na Faransa, wurin binciken da Didier Raoult ke shugabanta a lokacin. Can aka nemi umarnin masaƙa a littafinsu, wanda kowane bakteri ke da shi. Aka yi ta nema ba a samu ba. Sai Bernard La Scola ya duba su da madubin lantarki. Ya ga kwanso mai fuska 20, irin na birus da yawa, jikinsa duk gashi. A 2003 suka ba da sanarwa cewa birus ne. Suka sa masa suna Mimibirus, wato mai kwaikwayon ƙwayoyin bakteri. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu dubi milimetir ɗaya a kan abin awo na ɗan lakwal. Za a jera birus na shan inna fiye da dubu 30 kafin su cika shi. Mimibirus kamar dubu 1 da ɗari 3 sun isa. A 2004 aka karance littafinsa: haruffa kusan miliyon 1 da dubu 200, umarni wajen dubu. Ke nan littafinsa ya yi kusan daidai da na bakterin ciwon huhu na shanu, ya kuma ninka na wasu ƙananan bakteri sau biyu.

Sauran manyan

Da masana suka gane inda kuskuren yake, sai suka koma binciken tsaki. Suna zuba ruwa ko laka a kan amiba, su jira su ga abin da zai kashe ta.

A 2008, a tankin sanyaya ruwa na birnin Faris, aka sami wani ɗan uwan Mimibirus, aka sa masa Mamabirus. Tare da shi akwai wani ƙaramin birus mai umarni 21, da aka kira Sufutnik. Shi wannan ƙaramin a kan babban yake rayuwa, yana sa ƴaƴan babban su fito a naƙashe. Ashe birus ma yana kamuwa da birus.

A 2013 Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel, su ma a Marsai, suka bayyana Fandorabirus. An samo ɗaya a lakar bakin teku a ƙasar Shili, ɗaya a wani tafki kusa da Melbon a Ostiraliya. Siffarsu kamar tulu. Na Shili yana da haruffa kamar miliyon 2 da rabi, umarni wajen dubu 2 da ɗari 5.

A 2014 suka farfaɗo da Fitobirus daga daskararriyar ƙasar Siberiya, a arewacin Rasha, inda ya kwanta shekara dubu 30. Sunansa daga kalmar Girkanci yake, mai nufin randa. Ya fi Fandorabirus tsawon jiki, amma littafinsa haruffa dubu 610 ne kawai. Wannan ya nuna girman jiki daban, tsawon littafi daban.

A 2018 aka bayyana Tufanbirus na ƙasar Birezil, mai doguwar jela. An samo ɗaya a tafki mai kanwa, ɗaya a ƙarƙashin teku, zurfin mita dubu 3.

Afirka ma ba a bar ta baya ba. An sami irin waɗannan birus a ruwan Tunisiya, da kuma ruwan kwata na birnin Dakar a Senegal.

Abin mamakin da ke cikin littafinsu

Tsawon littafin ba shi kaɗai ya ba masana mamaki ba. Abin da aka rubuta a ciki ya fi ba su mamaki. A littafin Mimibirus an sami umarnin yaran masaƙa 4. Kafin nan ba a taɓa ganin haka a wani birus ba. A littafin Megabirus, wanda aka samo a tekun Shili a 2011, an sami 7. Tufanbirus kuwa yana da duka 20. Amma ita masaƙar kanta, har yau ba a sami babban birus mai ita ba.

Idan muka shiga gidan mutum muka tarar da zare launi-launi, da ƙoshiya, da yara masu miƙa zare, amma babu masaƙa, me za mu ce? Wani zai ce gidan masaƙa ne tun kaka da kakanni, masaƙar ce ta lalace aka jefar. Wani zai ce a'a, mai gidan ɗan tsince-tsince ne, ya tara kayan ne daga gidajen mutane. Haka masana suka rabu biyu.

Ra'ayi na farko: babba ne ya rame

Masu wannan ra'ayi sun ce kakan manyan birus cikakken ɗakin halitta ne, mai masaƙarsa. Da ya koma zama a jikin wasu, sai ya riƙa yar da abin da ba ya bukata, har masaƙar ta tafi. Wasu ma sun ce wannan kaka wani babban reshe ne na masu rai, na huɗu, bayan rassa uku da aka sani: bakteri, da wasu masu kama da su da ake kira arke, da reshen da ya haɗa mutum da dabba da tsiro da amiba.

Ra'ayin yana da madogara, domin mai zaman cin arzikin wani yakan yi asarar kayan aikinsa. Kauci ba shi da saiwa a ƙasa, tun da itace ke shayar da shi. Bakterin kuturta ɗan uwan bakterin tarin fuka ne. Na tarin fuka yana da umarni wajen dubu 4. Na kuturta, wanda ba ya iya yaɗuwa sai a cikin ɗakin wani, masu aiki a littafinsa ba su wuce kamar dubu 1 da ɗari 6 ba. Sauran da yawa sun lalace, sai kufansu.

Ra'ayi na biyu: ƙarami ne ya tara

Masu wannan ra'ayi, irin su Eugene Koonin da abokan aikinsa a Amurka, sun ce kakan birus ne tun asali, kuma bai kai jikokinsa girma ba. A duk lokacin da birus ke kwafar littafinsa a cikin ɗakin wani, akan yi kuskure. Wani lokaci guntun littafin mai gida ya manne a nasa. Wani lokaci umarni ɗaya ya kwafu sau biyu, daga baya na biyun ya sauya ya kama wani aiki. Idan abin da ya ƙaru ya taimaki birus, zuriyarsa ta yi yawa, abin ya zauna. Idan bai taimaka ba, ya ɓace. A cikin miliyoyin shekaru littafi ya yi kauri. Da yayyafi kogi kan cika.

Yaya ake raba gardama?

Harshenmu zai taimake mu mu gane hanyar. Hausa tana da kalmomin aro da yawa. Littafi da alƙalami daga Larabci suke. Lakwal daga Faransanci, tebur daga Ingilishi, ashana daga Yarabanci. Takarda ta zo mana ta bakin Buzaye, kasuwa ta bakin Barebari. Wanda ya ji littafi da alƙalami kawai yana iya cewa Hausa ɗiyar Larabci ce. Amma idan ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, zai tarar kowace da ƙofar da ta shigo, kowace da zamaninta. Mai son sanin dangin Hausa na asali sai ya dubi kalmomin da ba a cika arowa ba, irin su ci, da sha, da mutu, da suna.

Haka masana suka yi. Suka ɗauki kowane umarni na babban birus, suka gwada jerin haruffansa da na sauran masu rai, domin su ga wa ya fi kama da shi. Da yaran masaƙar nan gadon kaka ɗaya ne, da duk za su nuna gida ɗaya, daban da na kowa.

A 2017 aka sami shaida mai ƙarfi. A lakar wurin tace ruwan ƙazanta na garin Kilostanoibag, a ƙasar Otirish, aka karanto littafin wani babban birus da aka kira Kilosnebirus. Yana da kusan dukan yaran masaƙa 20. Da aka bi asalinsu, sai aka ga ba gida ɗaya suka fito ba. Wannan ya yi kama da na wata halitta, wancan ya yi kama da na wata daban, kuma ba lokaci ɗaya suka shigo ba. Galibinsu daga masu masaukin birus aka ɗauko su. Ke nan kayan aro ne.

Sannan aka dubi umarnin da ba a cika arowa ba: na kwafar littafi, da na gina kwanso, da na cusa littafi a cikin kwanso. Tun a 2001, kafin a san Mimibirus, Koonin da abokansa sun nuna cewa waɗannan umarni sun haɗa wasu birus a zuriya ɗaya. A cikin zuriyar akwai birus na agana, da na zazzaɓin aladu na Afirka, da wasu masu kama gansakukar ruwa, da wasu masu kama kifi da kwaɗi. Da aka gano manyan birus, sai aka ga su ma ƴan wannan zuriya ne. An ƙiyasta cewa umarni 40 zuwa 50 ne suka gangaro daga kakan zuriyar. Ke nan Mimibirus dangin nesa ne na agana, da agana ta tumaki da awaki, da cutar ƙurajen fatar shanu, da ƙyandar biri.

An kuma gano cewa manyan ba daga reshe ɗaya na zuriyar suka fito ba. Mimibirus yana da ƙananan danginsa. Fandorabirus ya fi kusa da wasu birus masu kama gansakukar teku, waɗanda ba su kai shi girma ba ko kusa. Fitobirus ma reshensa daban. Wato girma ya faru sau da yawa, a rassa daban-daban. Saboda waɗannan shaidu, yawancin masana a yau sun karkata ga ra'ayi na biyu.

Me ya sa suka girma?

Amsar tana wurin amiba. Amiba takan haɗiye abin da ya kai girman bakteri, wato kamar rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimetir ko fiye. Abin da bai kai haka ba, ba ta cika kula shi ba. Birus mai girma, mai gashi, sai ta ɗauke shi abinci ta haɗiye. Da ya shiga, kwansonsa ya buɗe, littafinsa ya fito, ya kafa wurin ƙira a tsakiyar ɗakinta. Cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka amibar ta fashe, ɗaruruwan sababbin birus su fito. Girman jiki shi ne mabuɗin shigarsa. Babban kwanso kuma yana da wurin ɗaukar dogon littafi.

Abu na biyu, cikin amiba kamar kasuwa yake. Bakteri iri-iri da birus iri-iri suna haɗuwa a can, wasu a raye, wasu an narkar da su. Guntayen littattafansu suna gauraya. Marsaibirus, wanda aka bayyana a 2009, littafinsa ya ƙunshi umarni masu kama da na bakteri, da na amiba, da na wasu birus.

Tarawa kuma ba ita kaɗai ke faruwa ba, ana yin asara. A 2011 masanan Marsai sun ba da labarin wani gwaji. Sun yi ta renon Mimibirus a cikin amiba tsarkakakkiya, wadda ba bakteri a cikinta, suna sauya masa sabuwar amiba har sau 150. A ƙarshe littafinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, gashinsa ya zube, ya zama mai sanƙo. Inda ba gasa, kayan da ba a amfani da su sun tafi. Littafin babban birus yakan ƙaru, yakan ragu, gwargwadon wurin zamansa.

Marayun umarni

Saura wani abu da masana ke kan bincike. Da aka karanta littafin Fandorabirus a 2013, fiye da kashi 90 cikin 100 na umarninsa ba su yi kama da na kowace halitta da aka sani ba. Ana kiransu marayu. Idan aro ne, ina mai kayan? Wasu masana sun ce masu kayan suna nan, ba a kai ga karanta littattafansu ba. Wasu sun ce umarnin sun sauya ƙwarai har kamanninsu ya ɓace. A 2018 Claverie da Abergel da abokan aikinsu, bayan sun gwada Fandorabirus iri-iri da juna, suka kawo shawara ta uku: birus ɗin yana ƙirƙiro sababbin umarni daga haruffan da ke zube tsakanin tsofaffin umarni. Haka harshe ma yake. Ba aro kaɗai yake yi ba, yana ƙirƙirar kalmominsa.

Ina ruwanmu da wannan?

Na farko, kada girmansu ya tsorata mu. Galibin waɗanda muka ambata amiba suke kamawa. An taɓa zargin Mimibirus da ciwon huhu, amma bincike bai tabbatar da shi a matsayin cutar mutane ba. An ma sami wani ɗan uwan Marsaibirus a bayan gidan wani mutum a Senegal wanda lafiyarsa ƙalau. Birus na shan inna, ɗan mitsitsi, ya fi su ɓarna nesa. Amibar da suke kamawa kuma ba ita ce mai kawo atuni ba, wannan wata iri ce daban.

Na biyu, birus yana da tsawon rai a wurin sanyi. A 2023 an ba da labarin wani Fandorabirus da aka farfaɗo daga ƙasar Siberiya bayan shekara kamar dubu 48 da ɗari 5. Masanan da gangan suka zaɓi masu kama amiba kawai, domin kauce wa haɗari. Sun yi gargaɗi cewa zafin duniya yana narkar da wannan ƙasa, don haka a sa ido.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da gidajenmu. Komai girman birus, ba shi da masaƙa, ba shi da bango irin na bakteri. Magungunan kashe bakteri kuwa waɗannan wurare suke bugu. Tetarasikilin yana tsayar da masaƙar bakteri. Fenisilin yana hana shi gina bangonsa. Birus ba shi da ko ɗaya, don haka ba su taɓa shi. Wanda ya sayi kapsol a tebur saboda mura, ko ya ɗura wa yaro mai ƙyanda, ko ya jiƙa wa tunkiya mai agana, bai taɓa birus ɗin ba. Ya yi asarar kuɗi, kuma yana koya wa bakterin jiki jure magani. Wani lokaci bakteri yakan biyo bayan birus, kamar ciwon huhu bayan ƙyanda. Ma'aikacin lafiya ko likitan dabbobi ne zai duba ya faɗi ko ana bukatar maganin.

Babban makaminmu a kan birus shi ne rigakafi. Dattawanmu da yawa suna ɗauke da tabon lambar agana a damtse. Da wannan lamba aka kawar da agana, dangin manyan birus, aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 1980. Da rigakafi aka kawar da bushiya ta shanu, aka sanar a 2011. Mu kai yara rigakafi a kan lokaci, mu fito da dabbobi idan ma'aikatan kiwo sun zo.

Kalmomin da muka koya

Birus: littafin gado a cikin kwanso, ba ya yaɗuwa sai a ɗakin wani.
Bakteri: halitta mai ɗaki ɗaya, mai masaƙarta.
Amiba: halitta mai ɗaki ɗaya da ke cin bakteri.
ADN: zaren da aka rubuta gado a kansa.
Jen: umarni ɗaya a littafin gado.
Ribozom: masaƙar furotin.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa aka daɗe ba a gano manyan birus ba?
2. Wane abu ne bakteri ke da shi wanda babban birus ba shi da shi?
3. Ku kawo kalmomin aro biyar na Hausa, ku faɗi inda kowace ta fito. Yaya wannan ya yi kama da littafin Kilosnebirus?
4. Mimibirus yana da haruffa miliyon 1 da dubu 200. Idan ana karanta harafi ɗaya a daƙiƙa, ba hutawa, kwana nawa za a yi?
5. Me za mu faɗa wa maƙwabcin da zai sayi kapsol saboda mura?